Matakan Zaɓen Jami'a a Amurka ga Mai Burin Karatun Likita

A Amurka sai ɗalibi ya kammala digirin farko na shekara 4, ya zauna jarrabawar MCAT ta neman gurbin karatun likita, kafin ya shiga makarantar likitanci, saboda haka a yi zaɓen jami'ar digirin farko da wannan lissafin.

1. Ka nemo takardar Common Data Set ta kowace jami'a, wato takardar da take bayyana alƙaluman ɗaukar ɗalibanta, ka gwada makinka na SAT ko ACT (jarrabawar shiga jami'a) da na waɗanda ta ɗauka bara.

2. Ka kasa jami'o'in gida uku: masu tsauri, waɗanda makinka ya yi daidai da nasu, da waɗanda kake da tabbacin samu. Irin su Harvard, da ke ɗaukar ƙasa da kashi 5 cikin 100, masu tsauri ne ko da makinka ya kai 1600, wato cikakken makin SAT.

3. Ka tambayi ofishin da ke ba masu neman likitanci shawara ko kowa suke rubuta wa takardar shaida, domin wasu jami'o'in kan tace ɗalibai tukuna, sannan su yi tutiya da alƙaluman nasara. Ka duba kuma ko akwai asibiti kusa da za ka yi aikin sa-kai.

4. Ka fifita mai sauƙin kuɗi, tunda kashin kuɗi mai nauyi yana gaba, a makarantar likitanci.