Kafin Ka Ce Laftof Ɗinka Ta Tsufa: Kurakuran Masu Tace Bidiyo

Da wuya mako ya wuce wani matashi bai shiga shagon gyara a Kaduna da laftof a hammata ba, yana cewa ta gaji, bidiyo sai sarƙewa yake yi, a nemo masa wata ya yi musaya. In aka buɗe aka duba, sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau. Mai ita ne yake ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta, sannan ya toshe mata hanci.

Babban kuskuren shi ne kwaso bidiyo daga waya ko kyamara a zuba shi a manhajar tacewa yadda ya zo. Wayoyi da yawancin kyamarori suna ajiye bidiyo a tsarin H.264 ko H.265, wanda aka yi shi don rage nauyin fayil. A wannan tsari ba kowane hoto ake ajiyewa cikakke ba. Ana ajiye ɗaya cikakke, waɗanda ke biye kuma bambancinsu kawai ake rubutawa. Duk lokacin da ka ja bidiyo baya ko ka yanka, sai firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta koma ta harhaɗo hoton daga na kusa da shi. Ga kuma 4K, wanda ɗigonsa 3840 ne sau 2160, ninki huɗu na 1080p. Ka ɗauko bikin aure na awa uku, kyamara biyu da dron, ka jera su a kan Core i5 mai RAM 8GB, sannan ka zauna kana tsaki. To me kake so ta yi?

Maganin shi ne furoksi, wato ƙaramin kwafi mai sauƙin juyawa da za ka yi aiki da shi, in an zo fitarwa manhajar ta koma kan asalin. A Premiere Pro, zaɓi bidiyoyin, danna dama, Proxy, sannan Create Proxies. A DaVinci Resolve, Generate Proxy Media. CapCut na kwamfuta ma yana da shi a cikin saitin Performance. Ni dai 720p nake zaɓa, a tsarin ProRes Proxy ko DNxHR LB, in bar shi yana yi da dare. Ingancin aikinka na ƙarshe ba ya raguwa ko kaɗan. Masu cewa furoksi na ɓata bidiyo ba su gane yadda yake aiki ba. In kuma bidiyon waya ne kuma ka ga baki da murya suna saɓawa, yawan hotunan kowace daƙiƙa ne ke canzawa. Wuce da shi ta manhajar HandBrake, ka zaɓi Constant Framerate, kafin ya shiga aikin.

Na biyu, zafi. Wannan ne ke ƙona mini rai, domin ganganci ne zalla. Za ka ga mutum ya ɗora laftof a kan katifa ko darduma, ƙofofin iskar da ke ƙasanta a toshe, a tsakiyar watan Afrilu, ɗakin ko fanka babu. Firosesa in ta kai wajen digiri 95 zuwa 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Shi ya sa aiki ke tafiya sumul minti goma na farko, daga nan ya fara jan ƙafa. Ƙurar hunturu kuma, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tana taruwa a bakin fankar ciki har ta zama kamar audugar katifa. Ka sa manhajar HWiNFO ka ga zafin da idonka yayin da kake aiki. Ɗaga bayan laftof ɗin a kan tebur, ko da murfin kwalba biyu ne. Da hunturu ya wuce a buɗe ta a share, a riƙe fankar da yatsa lokacin hura iska. In tokumbo ce ka saya, a canza mata man da ake shafa wa firosesa tun ranar farko, don na cikinta ya daɗe da bushewa. Ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake ya isa, kada a lafta.

Wuta ma tana cikin maganar. Da zarar an ɗauke wuta laftof ta koma kan batir, sai ta rage ƙarfin firosesa da na katin hoto. Kada ka fitar da bidiyo a kan batir. Kuma caja mai wat 65 ba za ta ciyar da kwamfutar da ke neman 130 ko 180 ba, ko da bakin ya shiga daidai. Karanta rubutun da ke jikin cajar.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Tacewa kai tsaye daga katin memori ko filashi: kwafe komai cikin kwamfutar tukuna. Tsohon hadi dis mai juyawa bai fi megabait 100 da ɗoriya a daƙiƙa ba, SSD na SATA kuwa, wato faifan da ba ya juyawa, yana kai 500, kuma babu gyaran da ya kai wannan canjin amfani a tsohuwar laftof. Kada ka bar faifan C ya cika ya yi ja; share Media Cache, wato fayilolin wucin gadi da manhajar tacewa ke tarawa, bayan kowane aiki, ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin biyar fanko. RAM 8GB lallaɓawa ce, 16GB ne wurin zama, kuma sandan RAM biyu sun fi ɗaya. In laftof ɗin tana da katin hoto na Nvidia, shiga saitin Graphics na Windows ka sa manhajar a High performance, don wasu suna shekara suna aiki da ƙaramin katin Intel ba su sani ba.

Rage ingancin kallo zuwa rabi ko kwata lokacin yanka. Gyaran kala, Warp Stabilizer mai daidaita girgizar hoto da cire ƙwayoyin duhu a bar su sai an gama yanka gaba ɗaya. Chrome mai shafi ashirin a rufe shi. Manhajar sata da aka tura maka a filashi kuwa, buɗe Task Manager da Ctrl, Shift da Esc alhali ba ka aikin komai. In ka ga firosesa na aiki tuƙuru, wataƙila akwai baƙon da ya biyo manhajar yana cin ƙarfinta, kuma in haka ne sai an sake Windows gaba ɗaya kafin a yi maganar furoksi.