Yadda reshen ƙungiyar ƙwadago zai shirya horo da gangamin kare lafiyar ma'aikata a Tawa

Duk wanda ya jima cikin harkar sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, a Tawa ya san irin horon da aka saba yi: a kama ɗakin taro mai sanyi, a gayyato shugabannin rassa, wani ƙwararre ya zo daga Yamai ya yi kwana uku yana bayani da Faransanci, a ci abinci, a raba kuɗin zama, a ɗauki hoto, a watse. Na halarci irinsa ba sau ɗaya ba, kuma ba na musun cewa an ƙaru, amma maginin da ke tsaye kan katako a hawa na biyu da leburan da ke kwaɓa siminti a ƙasa ko labarin taron ba su ji ba. Wannan bayani na reshen da ke son horonsa ya kai ga waɗannan mutane ne, ya kuma haifar da buƙata a rubuce wadda mai kamfani ba zai iya kauce wa amsa ta ba.

Kafin a tara kowa, wajibi ne mutum biyu ko uku daga shugabannin reshe su zauna su karanta abin da doka ta tanada, domin wanda ya je gaban mai kamfani da ɓacin rai kaɗai, da ɓacin ransa zai dawo. Kundin dokokin ƙwadago na Nijar, wato doka mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ya ɗora wa mai ba da aiki nauyin ɗaukar matakan kare rai da lafiyar ma'aikatansa, tare da horar da sababbin ɗauka kan haɗurran aikin da za su yi. Ya kuma wajabta kafa kwamitin tsaro da lafiya a duk wurin aikin da ke da ma'aikata aƙalla 10, kuma inda ma'aikata suka haura 10 ana zaɓen wakilansu, waɗanda muka fi sani da delege, waɗanda ba a korar su sai da izinin sufeton ƙwadago. Baya ga haka, a shekarar 2009 Nijar ta amince da yarjejeniyoyi masu lamba 155 da 161 da 187 na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato OIT. Abu biyu daga yarjejeniya ta 155 ya kamata kowane delege ya haddace: sashe na 13 ya kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin zai jefa ransa ko lafiyarsa cikin babban haɗari nan take, sashe na 21 kuwa ya ce matakan kariya ba za su ci wa ma'aikaci ko sisi ba. Saboda haka cire kuɗin hular kwano ko na takalmin aiki daga albashin lebura ba shi da madogara.

Bayan karatu sai zagaye. A je wurin aikin da ƙafa a lokacin da ake tsaka da aiki, ba ranar da aka share fili saboda baƙi ba. A duba inda wayar lantarki ta bi ta cikin ruwa, da tsanin da aka ɗaure da tsumma, da injin da aka cire wa murfi domin ya fi saurin gyaruwa, da wurin da ake ajiye ruwan sha. Akwai gwajin ƙara mai sauƙi wanda ba ya bukatar na'ura: idan sai ka ɗaga murya sosai kafin wanda ke tsaye taku ɗaya daga gare ka ya ji ka, to ƙarar ta kai kusan desibel 85, matakin da yini guda a cikinsa kullum yake cinye ji sannu a hankali, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Masu injin niƙa da masu yankan ƙarfe sun san wannan a jikinsu, ko da ba su san lambar ba.

Wajen zaɓen waɗanda za a horar, shawarata ita ce kada a tsaya ga masu muƙami. A kowane wurin aiki akwai mutumin da ba ya riƙe da komai a ƙungiya amma idan ya yi magana ana saurare, sau da yawa dattijo ne da ya koya wa rabin ma'aikatan sana'a. A nemi shi, a nemi mata inda suke aiki, kamar masu shara da ma'aikatan jinya, kuma a saka leburorin yini, domin su ne ake tura wa aikin da ya fi haɗari, su ne kuma ba su da takardar komai. Kada zama ɗaya ya wuce mutum 15 zuwa 20, a yi shi da Hausa, kuma idan akwai Buzaye ko Fulani da ba su ji sosai, a samu mai fassara daga cikinsu. Sa'a ɗaya a inuwar dogon yaro kusa da wurin aiki, sau huɗu a wata, ta fi kwana uku a otal amfani.

A zaman farko kada mai horarwa ya koyar da komai. Ya yaga buhun siminti wanda ba komai ciki, ya shimfiɗa a ƙasa, ya zana siffar mutum gaba da baya da gawayi, sannan ya ce kowa ya ɗauki tsakuwa ya ajiye a wurin da yake jin ciwo idan ya tashi daga aiki. Na yi haka a wani wurin gini da ke bayan gari. Da farko an yi ta dariya, kowa yana jiran wani ya fara, sai wani tsohon magini ya taso ya ɗora tsakuwarsa a tafin hannun zanen, ya buɗe nasa hannuwan ya nuna mana: fata ta tsattsage, wasu wuraren sun yi fari kamar an ƙona, kuma ya ce baƙin mai yake shafawa da dare don ya samu barci. Na ce masa, «Baba, tun yaushe?» Ya ce tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke zaune a wurin. Daga nan sauran suka biyo, kuma kafin a ankara tsakuwa ta taru tsibi a ƙugu, da hannuwa, da idanu, da ƙirji. Amfanin wannan hanya shi ne kowa ya shigo yana zaton ciwonsa nasa ne shi kaɗai, tsufa ne ko sanyi, sai ya ga mutum goma sha biyu sun nuna wuri ɗaya, kuma ba sai an faɗa masa daga ina ciwon yake ba.

Sai a zama na biyu ne za a haɗa kowane tsibin tsakuwa da musabbabinsa. Ɗanyen siminti yana ƙona fata a hankali ba tare da an ji zafi nan take ba, maganinsa na farko shi ne wankewa da ruwa mai yawa na kusan minti 20, ba baƙin mai ba, wanda shi kansa cuta ne ga fata. Hasken walda yana ƙona ido, ciwon kuma ba ya tashi sai bayan sa'o'i, shi ya sa yaron shago yake farkawa tsakar dare kamar an zuba masa yashi a ido, alhali shi ba ma shi ya yi waldar ba, riƙe ƙarfe kawai ya yi, kuma baƙin gilashin kasuwa ba ya tare wannan haske. Ƙurar da ke tashi idan ana yanka bulo ko dutse a bushe tana taruwa a huhu har ta zama cutar da ba ta warkewa, kuma rawani ko takunkumin asibiti ba ya tace ta yadda ya kamata. Ga ma'aikatan jinya da masu share ɗakunan majiyyata, sukar allurar da aka yi amfani da ita tana iya ɗauke da ciwon hanta nau'in B ko ƙanjamau. Na farkon yana da rigakafi, na biyun kuma akwai maganin da ake farawa cikin sa'o'i 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Idan reshen yana da mambobi a gonakin albasa na Galmi da Madawa ko a fadamun Ƙonni, a ware zama guda kan maganin feshi, musamman kan haɗa shi da hannu da kuma mayar da galan ɗinsa na ruwan sha.

Zafin bazara ya cancanci nasa zaman. A watannin Afrilu da Mayu zafi a Adar, wato yankin Tawa, yana wuce digiri 40 kusan kullum, kuma wanda ke ɗaukar kaya a rana yana bukatar kofin ruwa kowane minti 15 zuwa 20, tun kafin ya ji ƙishirwa. Alamar da kowa ya kamata ya sani ita ce ruɗewa: idan abokin aiki ya fara magana ba kan gado ko yana tangaɗi, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti, kada a ce ya ɗan kwanta zai warware.

A wani wuri cikin waɗannan zama, tabbas wani zai ce tsautsayi ba a sa masa rana, abin da Allah ya rubuta sai ya faru. Kada mai horarwa ya yi musu da wannan, domin gaskiya ce, kuma wanda ya yi musu ya rasa jama'ar. Ya tuna musu da hadisin mutumin da aka umurta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya yi tawakkali, ya kuma tambaye su ko akwai wanda ke barin shagonsa a buɗe da dare don ya dogara ga Allah. Galibi dattawan wurin ne ke ƙarasa bayanin da kansu.

Akwai kuskuren da mu 'yan sandika muke yawan yi, wato mayar da dukan magana kan hular kwano da safar hannu. Kayan kariya su ne mataki na ƙarshe, kuma su ne mafi sauƙi ga mai kamfani, domin da zarar ya raba su ya ɗauki hoto, duk abin da ya biyo baya sai a ce laifin ma'aikaci ne da bai sa ba. Tambayar farko ita ce ko za a iya kawar da haɗarin gaba ɗaya ko a musanya abin da ke jawo shi. Idan hakan bai yiwu ba, a gyara wurin ko injin, kamar zuba ruwa yayin yankan bulo, mayar da murfin inji, ko kafa shinge a gefen bene. Bayan haka a gyara tsarin aikin, misali a fara da sassafe a dakata idan rana ta take. Sai abin da ya rage ne ake tarewa da kayan kariya, kuma su zama waɗanda mutum zai iya jurewa a zafinmu, domin safar robar da ta cika da gumi cikin minti goma a aljihu take ƙarewa.

Zama na ƙarshe na takardu ne. Kowane reshe ya sayi littafi guda mai kauri, ya damƙa wa mutum ɗaya, a riƙa rubuta duk haɗarin da ya faru da wanda ya kusa faruwa: rana, sa'a, wuri, abin da ake yi, da shaidu biyu. Doka ta ba mai ba da aiki sa'o'i 48 ya kai rahoton haɗarin aiki, kuma asusun CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, shi ne ke ɗaukar nauyin magani da diyya ga ma'aikacin da aka yi wa rajista, daga kuɗin da mai ba da aiki kaɗai yake zubawa na wannan fanni. Haɗarin da ya samu mutum a hanyarsa ta zuwa aiki ko ta komawa gida shi ma yana cikin lissafi, abin da yawancin masu zuwa aiki a kan babur ba su sani ba. Idan mai kamfani ya ƙi kai rahoto, ma'aikacin ko iyalansa suna iya kaiwa da kansu, don haka a karɓi takardar likita tun ranar farko a adana kwafinta. Abin da aka fi gani shi ne a miƙa wa wanda ya ji rauni jika biyar ko goma a ce ya yi haƙuri, ya karɓa don kunya ko don tsoron rasa aiki, bayan wata shida hannu ya ƙi miƙewa kuma babu takardar da ke nuna a ina abin ya faru.

Daga wannan littafi da buhun simintin nan ne gangami zai fito. A zaɓi buƙata ɗaya, ko biyu idan ta kama, wadda ta shafi mutane da yawa, kowa zai gane an biya ta ko ba a biya ba, kuma kuɗinta bai fi ƙarfin kamfani ba, kamar randar ruwa da rumfa a wurin gini, ko kafa kwamitin da doka ta riga ta wajabta. A rubuta ta da ranar da ake son a cika, delege su miƙa, a karɓi kwafi mai hatimi. Kalandar ma tana taimakawa: 28 ga Afrilu ita ce ranar tsaro da lafiya a wurin aiki ta duniya, wadda OIT ke raya ta tun 2003, bayan ƙungiyoyin ƙwadago sun riga sun mayar da ita ranar tunawa da waɗanda suka rasu a bakin aiki, sai 30 ga Afrilu ranar Afirka ta rigakafin haɗurran aiki, sannan 1 ga Mayu, lokacin da uwayen ƙungiyoyi irin su USTN da CDTN da CNT ke miƙa wa hukuma kundin koke-kokensu. Reshen da ya fara horo a Fabrairu zai iso wannan mako da hujjoji a hannu. Don yaɗa saƙo, muryar ma'aikaci ta minti ɗaya da Hausa a WhatsApp ko a rediyon al'umma ta fi takardar da aka manna a bango tafiya, sai dai kada a saki hoto ko sunan wanda ya ji rauni ba da yardarsa ba, kuma kada a faɗi abin da ba a rubuta a littafi ba.

Idan ranar da aka sa ta wuce ba a yi komai ba, a sake rubutawa, a haɗa da kwafin takardar farko, a kai wa sufeton ƙwadago na jiha, wanda doka ta ba ikon shiga wurin aiki ya duba ya kuma ba da wa'adin gyara. Idan kuwa an biya buƙatar, a sanar da mambobi a fili, sannan a sa mutum biyu su riƙa dubawa kowane mako, domin randar da aka kawo ranar 28 ga Afrilu tana iya zama a bushe kafin tsakiyar Mayu idan ba a ambaci sunan mai cika ta ba.