Hanyar zama likitan hoton ƙwaƙwalwa, daga bencin lise zuwa ɗakin sikaner

Ɗiyar ƙanwata ce ta jawo wannan rubutu. Tana ajin ƙarshe na lise a nan Damagaram. Ran nan ta biyo ta wurin aikina karɓar saƙon uwarta, ta iske mu tsaye gaban kwamfuta muna duba hoton kan wani ɗan kabu-kabu da ya faɗi a hanyar Miriya. Likita ya ɗora yatsa kan wani farin abu mai kumburi kamar ƙwallon dabino, manne da ƙashin kai ta ciki, ya ce a kira mai fiɗa yanzu-yanzu. Da na rako ta bakin ƙofa ta ce: "Kawu, shi wannan da ya gani tun kowa bai gani ba, me ya karanta?"

Ni ba likita ba ne. Mai ɗaukar hoto ne, ni ke kwantar da majinyaci, in daidaita kansa, in danna na'ura. Amma na daɗe ina zaune kusa da masu karanta hoton, na ji labarin hanyar da kowannensu ya biyo. Abin da na faɗa mata shi zan faɗa wa duk yaron da ke da wannan buri.

Da farko ka rarrabe mutum uku da jama'a ke haɗawa su ce "likitan ƙwaƙwalwa". Akwai wanda ke duba majinyaci ya ba shi magani, kamar mai farfaɗiya ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Akwai mai fiɗa, wanda ke buɗe kai. Na ukun shi ne namu: likitan hoto, wanda sauran biyun ke jiran rahotonsa kafin su yanke shawara. Idan hira da majinyata kullum ita ce ke burge ka, na farkon ya fi dacewa da kai. Namu rabin rayuwarsa a ɗaki mai duhu take, shi da allo.

Matakin farko bak ne, sashen D ko C, da maki mai kyau, domin masu nema sun fi kujeru yawa. Kada ka raina darasin fizik. Yara da yawa suna haddace ilimin halittu su yi wa fizik riƙon sakainar kashi, alhali wannan sana'a a kansa aka gina ta. Röntgen da ya gano hasken radiyo, wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, a 1895 masanin fizik ne. Godfrey Hounsfield da ya ƙera sikaner, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki yanki-yanki da wannan haske, injiniya ne a kamfanin EMI na Ingila, bai taɓa karatun likita ba. Kuma abin da aka fara dubawa da na'urarsa a jikin majinyaci, a wani asibitin Landan a 1971, ƙwaƙwalwar wata mata ce. Hounsfield ya samu kyautar Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. Har yau sunansa muke kira wurin aiki: a ma'aunin Hounsfield, wanda ke auna haske ko duhun abu a hoton sikaner, ruwa 0 ne, iska -1000, jinin da ya zuba ya daskare yana tsakanin 50 da 80, shi ya sa yake fitowa fari.

Daga nan sai sashen koyon aikin likita. Da can dole yaro ya ɗauki jaka ya nufi Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni, tafiyar kilomita kusan 900. Yanzu Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram tana da nata sashen, haka ta Maraɗi, kuma ɗalibanmu a babban asibitin Damagaram suke koyon aiki. Ka ƙidaya shekara bakwai zuwa takwas kafin ka kare kundinka a kira ka dokta. Babu wata ƴar hanya ta bayan gida. Wanda ya ce maka za ka iya tsallake wannan ka tafi kai tsaye "karatun sikaner", aikina yake nufi, ba na likita ba. Aiki ne mai daraja, da shi nake ciyar da iyalina, sai dai ban da ikon sa hannu a rahoto.

A cikin waɗannan shekaru abu ɗaya nake roƙon ka: ka san ƙirar kai kamar yadda ka san lungunan Birni. Wanda ya tashi a Birni, ko wuta ta ɗauke da tsakar dare zai kai kansa gida. Haka ake so ka san jijiyoyin kai goma sha biyu na kowane ɓari, da inda kowace ta fita daga ƙoƙon kai, da kogunan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, da yankin da kowace hanyar jini take shayarwa. Na ga bambancin da idona. Ɗalibin da ya san wannan, da an ce masa hannun dama ya mutu kuma magana ta ɗauke, kafin hoto ya gama fitowa idonsa na ɓarin hagu. Wanda bai sani ba sai ya yi ta gungura hoto sama da ƙasa yana jiran ciwo ya yi masa sallama. Idan lokacin zaɓen kundi ya zo, nemi batun da ya shafi hoto: raunin kai na haɗarin babur, shanyewar ɓarin jiki ga masu hawan jini ko yara masu sikila, abin da sanƙarau ke bari a baya. Duk cututtukanmu ne, kuma kundin zai yi maka amfani ranar neman gurbi.

Bayan dokta, yawanci sai an yi aiki tukuna, wani a Tanut, wani a Gure ko Magarya, inda babu sikaner sai hannu da ido da fitila. Matasa suna ganin ɓata lokaci ne. Ni dai likitocin hoton da na fi yarda da rahotonsu duk sun sha wannan zaman. Sun san abin da mai aiko da majinyaci yake son ji, ba sa cika takarda da dogon Faransanci su bar tambayar ba amsa.

Sai ƙwarewa, wadda ake kira DES, a fannin radiyo da hoton likita. Shekara huɗu ce a ƙasashenmu masu Faransanci, kuma manyanmu da yawa a Dakar, Abijan, Lome ko Maroko suka yi. A nan za ka koyi hoton jiki gaba ɗaya, ƙirji, ciki, ƙashi, eko na masu juna biyu, ba kai kaɗai ba. Ka fara bin maganar bursu da wuri, ka tanadi takardunka da shaidar malaman da ka yi aiki a ƙarƙashinsu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma hanyar Najeriya, wadda mutanenmu ba su cika tunawa da ita ba, alhali Kano ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba. Can ana horo a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Zariya, amma da Ingilishi, kuma sai hukumar likitocinsu ta amince da takardunka.

Ƙwarewa a kan ƙwaƙwalwa zalla tana zuwa ne bayan duk wannan. A Amurka, bayan shekara ɗaya ta share fage da huɗu na hoton jiki, ana ƙara ɗaya ko biyu don kai da laka kawai. Namu sukan nemi zaman shekara ɗaya ko biyu a wani babban asibitin Faransa, inda akwai takardun da aka tanada don likitocin waje, DFMS da DFMSA. A can ne ake zurfafa a IRM, wata na'urar ɗaukar hoton cikin jiki daban da sikaner. Ita ba hasken radiyo take amfani da shi ba, maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, mai iya fizge almakashi daga aljihu, shi ya sa ake tambayar majinyaci ko akwai ƙarfe a jikinsa. Amfaninta a ƙwaƙwalwa babba ne. Idan jijiya ta fashe jini ya zuba, sikaner na nunawa nan take. Idan kuwa toshewa ta yi, sa'o'in farko hoton sikaner na iya fitowa kamar lafiya lau, ita kuwa IRM tana kama shi tun da wuri. Rarrabe waɗannan biyun shi ne ƙashin bayan aikin, domin maganin narkar da gudan jini, wanda ake son bayarwa cikin awa huɗu da rabi, ceto ne ga mai toshewa, ajali ne ga mai zubar jini. Wasu sukan wuce nan su koyi zura siririyar roba ta jijiyar cinya har cikin kai su ciro gudan jinin. Tushen wannan tsoho ne, tun 1927 Egas Moniz ya fara ɗaukar hoton hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa a Lisbon.

Ingilishi dai ka koye shi tun yanzu ko ba za ka Najeriya ba. Mafi yawan sababbin rubuce-rubucen fannin da shi ake yin su.

Abin da ba a faɗa wa yara shi ne yadda aikin yake bayan an dawo. Za ka koyo a kan na'urar zamani ka zo ka iske taka ta tsaya wata guda ana jiran wani ɗan ƙarfe daga waje. Na taɓa yin irin wannan zama, muna kallon iyalai suna haɗa kuɗin mota zuwa wani gari. A lokacin na ga amfanin likitan da ya iya eko sosai: jariri mai ƙaton kai, ya ɗora masa na'ura a maɗiga, tun da ba ta rufe ba, ya ga ruwan da ya taru ba tare da sikaner ba. Kuma ko kana da takardar ƙwaƙwalwa, a Damagaram za ka karanta hoton ƙirji da na karaya duk rana, don hannu bai isa ba.

Uwar yarinyar ta kira ni da dare, hankali tashe, wai ta ji hasken na hana mace haihuwa. Na ce mata likita a bayan gilashi mai dalma yake zama, akwai rigar dalma ga mai shiga ciki, kuma kowannenmu na maƙale da ɗan ma'aunin da ke ƙidaya hasken da ya taɓa shi. Sai ta koma lissafi: takwas da huɗu da biyu, ban da zaman ƙauye. "Yaya, to auren fa?" Na ce wannan tsakaninta da ɗiyarta ne. Ita kuwa yarinyar ta aiko a karɓar mata tsohon littafina na ƙirar kai, wanda bangonsa ya cire, da sharaɗin sai bayan bak za ta buɗe shi.