Yadda za ka zaɓa tsakanin PlayStation da kwamfutar wasa kafin ka zuba kuɗinka a Damagaram

Abu na farko, tambayi kanka wane wasa za ka riƙa yi. In dai ƙwallo ce kawai, FIFA da ta koma EA Sports FC tun 2023 ko kuma eFootball, ku zauna a fada da manet biyu ana shayi ana ihu, to wallahi PS4 okaziyon ta ishe ka. Tun 2013 ta fito, masu gyaranta sun santa ciki da waje.

Na biyu, kar ka tsaya kan kuɗin na'urar kaɗai. PS5 ta fito a 2020 kan dala 499 ta Amurka mai cin CD, marar CD kuma 399, kuma kafin ta iso nan ta Kano ko Yamai an ɗora mata kuɗin hanya da duwan da ribar mai kanti. Kwamfutar da za ta kai ta ƙarfi sai ka haɗa kart grafik, wato abin da ke sarrafa hoton wasa, irin RTX 3060 da RAM giga 16 da SSD da ekran, lissafin kan wuce na PS5. Amma fa a kwamfuta wasa da mutane ta intanet kyauta ne kuma Steam, kantin sayar da wasannin kwamfuta a intanet, suna yawan karya farashi, su kuwa Sony masu PlayStation sai ka biya abonman na PlayStation Plus kafin ka yi wasa ta intanet a yawancin wasanni.

Na uku shi ne wanda samari ke mantawa, kuran. PS5 na jan wajen wat 200 in ana wasa, babbar kwamfuta na iya ninka haka, to in da pano da batir kake aiki ko ƙaramin gurup ka san wadda za ta ɗauka. Kowacce ka zaɓa ka ware kuɗin regilater tun ranar, in da hali har andiler, don dawowar kuran da ƙarfi sau ɗaya ya isa ya ƙona maka komai, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, kar ka aje ta ƙasa bisa tabarma.

Sai koneksiyon. Wasa guda na iya cin giga 50 ko fiye, da forfe na waya za ka sauke wannan? Shi ya sa ni ban ba kowa shawarar Xbox Series S, na'urar wasa ta Microsoft, a nan ba duk da arharta, ba ta cin CD. Mai cin CD kuwa kana musanya wasanninka da abokai ko ka sayar.

Kwamfuta sai ga wanda zai yi montaj na bidiyo ko aikin lakkol da ita, nan kam ta biya kuɗinta.

Ranar saye kar ka yarda da "tana lafiya lau, alhaji". A kunna ta gabanka, ka yi wasa rabin awa ka ji ko fanka na ƙara, ka gwada manet ko tana tafiya da kanta, ka duba ramin HDMI, sannan ka ƙirga kuɗi.