Yadda za ka horar da kunnenka ya rarrabe harsunan dangin Edo

Ƙwai shida na je saye a wata kasuwa a birnin Benin lokacin da nake bautar ƙasa, na dawo gida da uku. Wani ɗalibina ya rubuta mini lambobi da harshen Edo a takarda, ya gaya mini cewa n ɗin da ke ƙarshen ehan, wato shida, ba a furta ta. Ni kuwa na yar da ita gaba ɗaya, na tsaya gaban mai ƙwai na ce eha da ƙarfina. Eha uku ne. Kunya ta hana ni gyarawa, na biya na kama hanya. Yau ina koyar da Hausa a wata sakandare a nan Jos, amma littafin da na fara cikawa tun ranar yana nan, kuma duk wanda ya ce mini "ai su 'yan Bendel yarensu ɗaya ne" sai na ɗauko masa shi (Bendel ita ce tsohuwar jihar da aka raba ta zama Edo da Delta). Ga yadda na bi, in kana da sha'awa.

Fara da sanin wa ke ciki, wa ke waje. Harsunan nan sun haura ashirin, kuma sun samo sunan danginsu ne daga Edo, harshen birnin Benin. 'Yan uwan Yarbanci ne da Ibo da Nufanci na nesa, a cikin babban gidan Neja-Kwango. Hausa ba ta gidan, ita ta dangin harsunan Chadi ce, don haka kada ka sa ran tsintar kalmominka a can. Farfesa Ben Elugbe na Jami'ar Ibadan shi ya yi aikin da ake dogaro da shi, wanda ya fito a 1989, ya kasa su gida huɗu. Zana taswira a shafin farko na littafinka ka zuba su. A tsakiya akwai Edo, da Esan na Ekpoma da Uromi, da Etsako na wajen Auchi, da Emai da Ora, da Ghotuo. Kudu maso yamma, a jihar Delta, akwai Urhobo da Isoko da Okpe da Uvwie da Eruwa. Arewa maso yamma, cikin duwatsun Akoko har zuwa gefen jihar Ondo, akwai ƙanana irin su Okpamheri da Uhami da Ehueun. Sai na huɗu, waɗanda suka yi nisa da gida: Degema da Engenni a jihar Ribas, da Epie na Yenagoa a Bayelsa, zaune tsakanin Ijo kamar baƙi.

A nan ne mutanenmu suke zamewa. Zama a jiha ɗaya ba ya sa harshe ya zama dangi. Itsekiri na Warri ɗan uwan Yarbanci ne. Ika na Agbor da Ukwuani ɓangaren Ibo suke. Mutanen Igarra suna cikin jihar Edo, amma Etuno da suke yi reshen Ebira ne. Saboda haka kada ka tambayi mutum jiharsa kawai, tambaye shi garinsu da abin da kakarsa take yi masa magana da shi.

Sai neman malamai. Ba sai ka je ko'ina ba, Jos ta tara. Nawa uku ne: wata dattijuwa 'yar Benin mai shagon kayan masarufi kusa da Terminus, da wani Alhaji mutumin Auchi mai sayar da kayan gyaran mota a Dilimi, da wani matashi Urhobo da ke gyara mana wutar makaranta. Ka je lokacin da kasuwa ta lafa, ka sayi wani abu ko da ƙarami ne, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a wayarka. Kada ka wuce kalma goma a zama ɗaya. Ranar da na kai wa dattijuwar kalma arba'in, ta kalle ni ta ce, da Hausarta ta Jos, "Malam, kai jarabawa ka kawo mini ko ciniki?" Na ce, "Mama, a yi haƙuri," na rage.

Tambayi kowa abu iri ɗaya: ruwa, gida, hannu, yaro, mace, sai ƙirga daga ɗaya zuwa goma. Jera amsoshin gefe da gefe, za ka ga dangantakar da idonka. Ruwa amẹ ne a Edo, ame a Urhobo. Biyu eva ne a Edo, ive a Urhobo. Uku eha ne da erha. Yaro ọmọ ne a duka biyun. Za ka kuma lura kowane suna da wasali yake farawa, kuma sau da yawa a nan jam'i yake ɓuya, ba a wutsiya ba kamar namu. A Edo: ọmọ yaro, emọ yara, okhuo mace, ikhuo mata, okpia namiji, ikpia maza.

Yanzu wasula, kuma a nan zan daɗe don nan ne Bahaushe ke shan wuya. Mu biyar muka sani, sai mu ja su ko mu gajarta. Edo na da bakwai. Ɗigon da ke ƙarƙashin ẹ da ọ ba ado ba ne, yana cewa ka ƙara buɗe baki. Tsaya gaban madubi ka ce o da leɓɓa a tsuke, sannan ka saki haɓa kaɗan ka ce ọ. Gwada da waɗannan biyun: obọ hannu, ọbo boka. Wasulan nan biyu ne suka yi musayar wuri, kuma na fi wata ina gaya wa dattijuwar cewa bokana yana ciwo kafin ta daina dariya ta gyara mini. Bayan bakwai ɗin akwai biyar 'yan hanci, waɗanda ake nunawa da n a rubuce. Ita ce n ɗin da ta cinye mini ƙwai uku. Ba a rufe baki a furta ta kamar ta "nan" ko "can". Bakin yana buɗe, iska ce ake bari ta bi ta hanci. Toshe hancinka da yatsu biyu ka ce eha: ba abin da zai canza. Ka ce ehan daidai: za ka ji yatsunka suna rawa.

In bakwai ta ishe ka, ka sani cewa Elugbe ya nuna uwar harsunan nan goma take da su. Degema ta riƙe goman har yau, a rukuni biyu na biyar-biyar, ɗaya ana tura tushen harshe gaba, ɗaya ba a turawa, kuma kalma takan ɗebi wasulanta daga rukuni guda. Isoko na da tara. Ƙirga wasulan harshe na iya ba ka ɗan hasken wane gida ka shiga.

Baƙaƙe kuwa, fara da kp da gb. Ba haruffa biyu ba ne a jere, sauti ɗaya ne: ka rufe leɓɓa, ka ɗora bayan harshe a hanɗa, ka sake su lokaci guda. Mun saba kauce musu. Dubi yadda Gbagyi ya zama Gwari a bakinmu, haka Ekpoma takan fito mana Ekfoma. Maimaita ọkpa ɗaya da igbe goma kullum da safe har su zauna. Wanda ya yi makarantar allo ya samu kh da gh a ɓagas, don sun yi kusa da kha da ghain na Larabci, sai dai ka sassauta su. Vb shi ne v mai laushi, kusa da w, kamar a ẹvbo, gari. Mw kuma shi ne dai amma ta hanci. Edo na da r har uku, r da rh da rr, kuma mu da muke da biyu ba mu cika wahala da su ba. Abin da ya fi ba ni daɗi shi ne ɓ da ɗ. Uwar harshen tana da su, Edo ta yar, amma Degema da Engenni da Epie sun adana. Ɗan Benin zai yi ta fama da su, kai kuwa da su aka yaye ka.

Karin sauti ma ba baƙonka ba ne. Wanda ya san bambancin kukan jariri da miyar kuka ya riga ya san hawa da sauka. Abin lura shi ne a Edo karin da ke kan aikatau yana iya raba "yana saye" da "ya saya", haruffa ba su canza ba. Ka roƙi malaminka ya yi maka kalmar da fito, ka sa alama a saman kowace gaɓa.

Abu na ƙarshe da zai ruɗa ka shi ne haɗiye wasali. Tunda aikatau da wasali yake ƙarewa, suna kuma da wasali yake farawa, in sun haɗu ɗaya yakan faɗi. Dẹ saya, ebe littafi, amma d'ebe za ka ji. Owiẹ safiya ce, ota yamma, ga su nan cikin gaisuwa: ọbowiẹ, ọbota. In ka nemi kalma a littafinka ka rasa, duba ko gabanta aka haɗiye.

Kada kuma ka gaida kowa da gaisuwar wani. Kọyọ ta Benin ce. Urhobo yaro ke cewa babba migwo, babba ya amsa vrẹndo. Na taɓa cewa mai gyaran wutarmu migwo, ya ja da baya yana ɗaga hannu, ya ce, "Haba Malam, ai ni ne zan gaya maka!" Gobe da yamma zan koma Dilimi, Alhaji ya yi mini alkawarin sunayen sassan jiki da Etsako in na zo da goro.