Yadda nake saita agogon ƙwayoyin halitta kafin in auna kitse

Kowace ƙwayar halitta da kake reno a cikin farantinka na ɗakin bincike tana da agogonta mai zagayen kusan awa 24, sai dai kowacce da nata lokacin. In ka auna kitse a haka, hawan wannan zai cinye saukar waccan, ka ga kamar babu abin da ke motsi. Don haka sai an fara haɗa kansu.

Ni da ƙwayoyin 3T3-L1 na ɓera, masu zama ƙwayoyin kitse, nake aiki, bayan sun nuna sun tara maiƙo. Ko da wane iri kake aiki, bari su cika farantin su daina rabuwa, domin rabuwar ma tana da nata zagayen, za ta rikita maka lissafi. Daga nan ka zuba musu abinci mai kashi 50 cikin ɗari na ruwan jinin doki, awa 2, ka tsiyaye, ka sa sabon abinci; wannan firgitarwar ce ke haɗa agogonsu. Dabarar ɗakin binciken Ueli Schibler ce a Geneva, tun 1998. Maganin deksametason ma yana yi, amma ina ɗari-ɗari da shi a aikin kitse, tunda shi kansa yana taɓa sarrafa kitsen.

Daga nan hannunka ya fita. Sauya abinci kawai yana sake saita agogon. Na taɓa tausaya wa ƙwayoyina a awa ta 30 na ƙara musu abinci, aikin mako uku ya bi ruwa. Inkubeta, akwatin ɗumin da ake renon su a ciki, ta tsaya a digiri 37, a rage buɗe ƙofarta.

Awanni 12 na farko ka bar su, firgita ce kawai. Sai ka riƙa ɗaukar faranti duk awa 4 har awa 48, kowane lokaci da farantansa uku. In ba ka son kwana a ɗakin bincike, saita rukuni biyu da tazarar awa 12.

Kafin ka tatsi kitse da sinadaran kulorofom da metanol, biyu bisa ɗaya, duba Bmal1 da Per2, ƙwayoyin gado na agogon. Dole in ɗaya ya hau, ɗayan ya sauka. In ba haka ba, agogon bai kama ba, kada ka ɓata kuɗin awon kitsen. In ya kama, sai ka duba ƙwayoyin gado Pnpla2 da Lipe masu farfasa kitse, da Hmgcr na kolestarol. Ka kuma ajiye rukunin da ka kashe wa Bmal1: duk kitsen da ya ci gaba da hawa da sauka a can, ba wannan agogon ke juya shi ba.