Darasi na 9: Jirgin Gado da Tsohon Injinsa

Wani ɗalibi a ajinmu na yamma, mazaunin kusa da tafkin Jabi a Abuja, ya gaji kwale-kwalen katako daga mahaifinsa. Tare da shi akwai injin Yamaha mai ƙarfin doki 15. Shekara huɗu jirgin yana kife a gindin mangwaro, injin kuma yana lungun ɗaki an lulluɓe shi da buhu. Sai da aka raba gado, kowa ya san nasa, sannan ya fara gyara. Haka ya dace, don kada mutum ya zuba kuɗinsa a kan dukiyar marayu.

Ranar farko ya kama igiyar inji zai ja. Wani tsohon makanike, abokin mahaifinsa, ya riƙe masa hannu.

"Ɗana, dakata. Injin da ya daɗe yana barci ba a tashinsa da fizga."

"To Baba, da me zan fara?"

"Da jirgin. Ina amfanin inji mai lafiya a kan ruɓaɓɓen katako?"

Ga yadda suka yi. Suka ɗauki ƙusa suna danna katako, taku bayan taku. Inda ƙusa ta ƙi shiga, itacen yana da rai. Inda ta nutse kamar a cikin gurasa, ya ruɓe, sai kafinta ya cire ya sa sabo. Sun fi daɗewa a kan katakon baya, domin nan ake ɗaura inji, shi ke ɗaukar nauyi da jijjiga. Hunturu yana busar da itace har tsakanin katako ya buɗe. Suka cusa tsumma a tsagin, suka bi da kwalta, suka bar jirgin a ruwa mara zurfi kwana uku. Itace ya sha ruwa ya kumbura, yoyo ya ragu.

Sai inji. Suka zubar da tsohon fetur, domin fetur da ya daɗe yakan zama danƙo ya toshe kafireta. Suka kwance fulogi guda biyu, suka ɗiga ɗan mai a raminsu, suka bar shi ya kwana. Da safe Baba ya juya kan injin da hannu, a hankali. Injin ya juya. Da ya ƙi, da sai su ƙara mai su jira, ba a yi masa dole. Suka wanke kafireta, suka sa sabon fulogi, suka canza tiyon mai da ya tsattsage.

Akwai wani abu da mutane da yawa ke mantawa, kuma yakan kashe tsofaffin injina. A cikin ƙafar inji, wato ɓangarensa na ƙasa da ke shiga ruwa, akwai ƴar roba mai fukafukai, ita ke tura ruwa sama ya sanyaya inji. In ta daɗe a ajiye takan bushe ta karye. Kuɗinta kaɗan ne, ku canza ta ko da a ido tana da kyau. Kada ku taɓa tayar da injin jirgi a busasshe, ko na minti ɗaya, don robar za ta ƙone. Ku cika durom da ruwa, ku tsoma ƙafar injin a ciki. In ya tashi, ku duba bayansa: dole siririn ruwa ya riƙa tsartowa. In babu, ku kashe nan take.

Ku duba man giya kuma, a ƙasa kusa da farfela. In ya fito fari kamar madara, ruwa yana shiga, sai an canza robobin da ke tare shi.

Irin wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai daban. Ana gauraya masa mai na musamman ne a cikin fetur. Yawancinsu awo ɗaya na mai ake sa wa awo 50 na fetur, wato rabin lita a tankin lita 25. Injina da suka tsufa ƙwarai suna buƙatar fiye da haka, saboda haka ku karanta abin da aka rubuta a jikin naku. Ga amfanin karatu nan a fili.

A ja na shida injin ya yi tari, ya fitar da shuɗin hayaƙi, ya kama. Ɗalibinmu ya ce ƙarar da yake ji da asuba ke nan yana yaro. Baba bai bar shi ya shiga ruwa ba sai da ya sa rigar kariya, ya ɗauki filafili da ƙwaryar kwashe ruwa, kuma ya yi alkawarin dawowa kafin magariba.

Aiki: Rubuta waɗannan kalmomi sau uku a littafinka: fulogi, kafireta, farfela, kwalta. Sannan ka lissafa: in lita 25 ta fetur tana buƙatar rabin lita na mai, nawa lita 50 za ta buƙata?